Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Masu Ta Da Famfon Man Tsofaffin Motocin Soja A Kumasi

Akwai wani gida a unguwar Aboabo da ke Zongon Kumasi, wanda duk yaron da ya tashi a layin ya san shi da sunan gidan motocin soja. Maigidan dattijo ne da ya haura shekara 70, tsohon direba ne, mahaifinsa ma direba ne a rundunar sojan Turawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A bayan gidan, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai motoci uku a ajiye: wata koriyar Land Rover mai rufin tamfol, da tsohuwar Bedford mai dogayen ƙafafu, sai kuma ƙwarangwal ɗin wata jif da ba ta da ko taya ɗaya, wadda kaji suka mayar akurki. Dukkansu ya saye su ne ɗaya bayan ɗaya daga hannun waɗanda suka same su a gwanjon kayan soja, lokacin da yake da ƙarfi da abin hannu.

Dalilin zuwanmu gidan shi ne, a wani shiri da muke gabatarwa a gidan rediyonmu kan sana'o'in hannu, dattijon ya bugo waya yana cigiyar bakaniken da ya san famfon man fetur irin na da. Da muka isa, bayan mun durƙusa mun gaishe da Baba, sai ya ja mu zuwa rumfar, ya ɗaga bonet ɗin Land Rover, ya nuna mana wani ɗan ƙarfe a gefen inji wanda bai fi dunƙulen hannu ba, da ɗan kofin gilashi a maƙale da shi. Ya shaida mana cewa motar ta yi shekaru ba ta tashi ba, alhali injinta lafiya lau yake, wannan ɗan abu ne kawai ya daina jawo mai daga tanki. Ya ƙara da cewa 'ya'yansa sun matsa masa lamba ya sayar da motocin ga masu sayen ƙarfe a kilo, domin a gina ɗakunan haya a filin, shi kuwa ya roƙe su su bari ya ji kukan injin ko sau ɗaya ne kafin a yi wannan magana.

Mai karatu, musamman ɗan kasuwar da ke zaune a Faga ko Kulungugu ko Aflawo, ko Illela da Jibiya da Birnin Ƙonni, zai iya cewa ina ruwansa da tsohuwar motar soja a gidan wani tsoho. To, da ruwansa ƙwarai. Duk buhun albasa da ya taso daga Galmi, duk kwandon tumatir da ya fito daga Burkina Faso, duk huhun goro da ya bar Kumasi ya nufi Arewa, a bayan mota yake tafiya, ita kuwa mota ba ta motsi sai famfo ya kai wa inji mai. Ranar da wannan ɗan ƙarfe ya tsaya a dajin da ke tsakanin Kintampo da Buipe, jarin mutum ne ke ruɓewa a rana. Abin da muka gani wurin gyaran famfon Baba darasi ne ga duk wanda ke ɗora dukiyarsa a mota.

Yadda soja ya kawo mota Zongo

Alaƙar Zongo da soja tsohuwa ce. Tun a shekarar 1863 wani Bature mai suna Kyaftin John Glover ya kafa wata runduna a Legas da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma an kawo su wannan ƙasa a yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874, lokacin da aka ƙona Kumasi. A 1900, sa'adda Yaa Asantewaa ta jagoranci Asantawa suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a cikin ganuwar Kumasi, sojojin da ke tsaron ganuwar su ma Hausawa ake ce musu. Ba dukkansu ne Hausawa ba, akwai Mosawa da Zabarmawa da Dagombawa da Gurunsawa, amma Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni. Ita wannan ganuwa, wadda Turawa suka sake ginawa a 1897, ita ce aka mayar gidan tarihin soja a farkon shekarun 1950, kuma duk wanda ya shiga zai tarar da motoci masu sulke da igwogi a girke a harabarta.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya haɗa mutanenmu da sitiyari. Kimanin mutum 65,000 aka ɗauka soja daga wannan ƙasa, suka yi yaƙi da Italiyawa a Gabashin Afirka a 1941, daga baya kuma aka kai su Bama suka gwabza da Japanawa. Sunayen barikokinmu ma shaida ne: barikin Uaddara na nan Kumasi sunan wani fagen fama ne a kudancin Habasha, haka nan Burma Camp da ke Akara. A cikin wannan yaƙi ne soja ya koya wa dubban samari tuƙi da gyaran mota, domin rundunar da ke tafiyar ɗaruruwan mil a jeji ba za ta jira bakanike daga Ingila ba. Da aka gama yaƙi a 1945 aka sallame su, sai ga tsofaffin motocin soja ana gwanjonsu, sai ga direbobi da fitoci sun dawo gida suna neman abin yi. Da yawa daga cikinsu a Zongo suka sauka. Aka cire wa motocin jikin ƙarfe aka yi musu na katako, suka shiga jigilar koko da goro da fasinja. Bedford, wadda kamfanin Vauxhall ya fara ƙerawa a garin Luton na Ingila a 1931, ta zama sarauniyar hanya tun daga Kumasi har Boku, kuma ta daɗe tana aiki bayan kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a shekarun 1980.

Hatta kalmomin bakinmu sun riƙe wannan tarihi. Jif sunan ƙaramar motar sojan Amurka ce, wadda kamfanonin Willys da Ford suka ƙera kimanin 640,000 tsakanin 1941 da 1945. Jarka kuwa, wadda babu kasuwar kan iyakar da ba ta cika da ita ba, Jamusawa ne suka ƙirƙiro ta a shekarun 1930 domin sojojinsu, mai cin lita 20, sai sojan Ingila suka ga ta fi tasu ƙarko suka kwaikwaya, suka laƙaba mata sunan da suke kiran Jamusawa da shi, wato Jeri.

Magazin, inda ake ta da matattun injuna

Washegari muka kwance famfon, Baba ya naɗe shi a tsumma, muka nufi Suame Magazin. Ga wanda bai taɓa zuwa Kumasi ba, wannan wuri ne da ke bakin hanyar da ta nufi Tachiman da Tamale, kuma yana cikin manyan matattarar masu gyaran mota da maƙera a duk Afirka, inda ake ƙiyasta cewa mutum kusan 200,000 ke neman abinci. Shi ma sunansa daga soja ya samo asali: a shekarun 1930 masu gyara sun fara taruwa ne kusa da tsohon rumbun makaman Turawa, wanda ake kira magazin, sai sunan ya bi su har inda suka koma a Suame.

Ƙwarewar mutanen Magazin wahala ce ta haife ta. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da tattalin arzikin Gana ya durƙushe, kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, wanda duk motarsa ta lalace ba shi da zaɓi illa a ƙera masa abin da ya karye ko a gyara tsohon. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin Magazin domin koya wa maƙera aiki da injunan sassaƙa ƙarfe da narka shi, sannan a 2006 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta SMIDO. Amma duk da yawan jama'ar wurin, sai da muka sha yawo kafin a nuna mana rumfar wani tsohon masta da ya san irin famfonmu. Yawancin samarin da muka nuna wa, shawara ɗaya suke bayarwa: a jefar da shi a sa na lantarki.

Abin da ke cikin famfon

Mastan ya karɓi famfon, ya juya shi, ya ce ƙirar AC ce, irin wadda ke kan Land Rover da Bedford da motocin Ingila da dama na wancan zamani. Kafin ya taɓa sukuri ko ɗaya, sai ya ɗauki zarto ya ja ɗan layi a gefe, ya ratsa rabin sama da rabin ƙasa, domin in an zo mayarwa kada a juya fuskar famfon, bakin shigar mai ya koma inda na fita yake. Daga nan ya buɗe shi ya baje kayan cikinsa a kan tsabtataccen kwali.

Abin mamaki, kayan ba su da yawa. Akwai wata zagayayyiyar fata da aka yi da yadi da roba, ita ce zuciyar famfon. A ƙarƙashinta akwai sifirin, a samanta kuma ƙananan bawul guda biyu, ɗaya na barin mai ya shigo, ɗaya na barinsa ya fita, babu mai barinsa ya koma baya. Sai wani hannun ƙarfe da ke shiga cikin inji ya kwanta a kan kamshaf. Duk juyin da kamshaf ya yi, sai ya tura hannun, hannun ya jawo fatar ƙasa, mai ya tsotso daga tanki ya bi ta kofin gilashi da ragar tacewa. Hannun na saki, sai sifirin ya tura fatar sama, mai ya wuce zuwa kafireta. Da yake kamshaf rabin gudun inji yake yi, idan inji na juyi 2,000 a minti ɗaya, to hannun nan yana shan bugu 1,000. Ƙarfin da yake tura mai da shi kuwa kaɗan ne: a gejin mai faci, inda tayar ƙaramar mota ke cin 30 ko fiye, wannan famfo bai wuce 2 zuwa 4 ba. Idan kafireta ta cika, fatar sai ta tsaya a ƙasa, hannun ya riƙa motsi a banza har sai an sake bukatar mai. Babu waya, babu batir, babu kwamfuta.

Ciwon famfon Baba iri uku ne. Fatar ta bushe ta tsattsage saboda daɗewa. Bawul ɗaya ya manne da wani jan danƙo da tsohon fetur ke bari idan ya kwana shekaru a wuri ɗaya. Sannan fuskar rabin sama ta ɗan lanƙwashe, saboda wani ya taɓa ɗaure sukurorin da ƙarfin tsiya, iska na shiga ta wurin. Mastan ya gargaɗe mu cewa tsagewar fata ita ce mafi haɗari, domin fetur kan zurara ta ƙasa ya gauraya da baƙin man inji. Direba zai ga baƙin mai yana ƙaruwa a kan sandar awo maimakon ya ragu, yana kuma warin fetur, idan bai farga ba sai man ya tsinke, inji ya buga.

Gyaran ya ci yini guda, kuma yawancinsa wanki ne da haƙuri. An jiƙa gangar famfon an goge ta da burushi, an busa kowace kafa. An shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashin taga, aka riƙa goga lanƙwasasshiyar fuskar a kai a hankali har ta daidaita. Sabuwar fata da bawul da gasket kuwa, wani ɗan'uwan Baba ne ya aiko da su daga Ingila, inda har yanzu ake yin su domin masu tsofaffin Land Rover. Mastan ya ja kunnenmu kan abu biyu. Na farko, kada a yanka tsohon tub na taya a yi fata da shi kamar yadda wasu ke yi a hanya, domin fetur na kumbura irin wannan roba cikin ɗan lokaci. Na biyu, fatar da ta shekara 40 a kwali a shagon mai kayan gyara, ko da ba a taɓa amfani da ita ba, ta riga ta tsufa. Wurin mayarwa, ya danna hannun famfon har fatar ta kwanta daidai, sannan ya ɗaure sukurorin ɗaya nan ɗaya can, a gicciye, kaɗan-kaɗan. Da ya gama ya toshe bakin shiga da babban yatsa ya motsa hannun, muka ji famfon ya kama fatar yatsan ya riƙe.

Da muka tambaye shi laifin famfon lantarki da samari ke sawa, sai ya ce ba shi da laifi idan an zaɓi mai ƙarfi daidai da kafiretar kuma an haɗa wayarsa yadda ya kamata. Matsalar ita ce, da yawa sukan ɗauko wanda ya fi ƙarfin kafireta, mai ya riƙa ambaliya a kan inji mai zafi, sannan in aka yi haɗari inji ya mutu, shi bai san ya tsaya ba, sai ya ci gaba da feso fetur. Haka nan dabarar ɗaura jarka a kan rufin mota a zuro tiyo zuwa kafireta, tana fitar da mutum daga daji, amma wanda ya mayar da ita hanyar tafiya kullum yana wasa da gobara.

Injekta, mai tsadar rai

Bedford ɗin Baba labarinta daban ne, domin tun da daɗewa wani mai ita ya cire injin fetur ya sa na dizal, kamar yadda aka yi wa irinta da yawa. A nan ne maganar ta zo kan motocin da ke ɗaukar kayan 'yan kasuwa a yau. Injin dizal na da famfo biyu: ƙarami mai jawo mai daga tanki, wanda aikinsa kusan ɗaya ne da wanda muka bayyana, da kuma babba, wanda kowa ke kira injekta, mai matsa man da ƙarfi ya tura shi ta nozul zuwa cikin silinda. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa a 1927, kamfanin CAV na Ingila kuma ya fito da nasa mai juyawa a shekarun 1950, wanda ya bazu a kan taraktoci da manyan motoci.

A cikin injekta akwai ƙananan sanduna da ke kai da komo a cikin bututunsu, kuma ratar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tare ake ƙera kowace sanda da bututunta, ba a musanya su. Abin da ke hana su cin juna shi ne santsin man dizal ɗin kansa. Saboda haka ƙwayar yashi ɗaya tana iya karce su, ɗigon ruwa ya sa su tsatsa, kananzir kuwa, da wasu ke gauraya wa dizal don riba, yana rage santsin ya bar ƙarfe na gogar ƙarfe. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shi ya sa gyaran injekta ba a yin sa a ƙasa cikin ƙura. A Magazin masu wannan sana'a ɗaki gare su mai ƙofa, da injin gwaji da ake ɗora famfon a kai a juya shi, man kowace silinda ya zuba a cikin nasa bututun gilashi mai lamba, a daidaita har su zo kai ɗaya. In an gama sai a sa hatimi a kan sukurin da ke ƙayyade yawan mai. Wannan hatimi shi ne direbobi da yawa ke sa a karya musu don a ƙara wa mota ƙarfin hawan tudu da lodin da ya wuce kima. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙin nan da muke gani a hanyar Tamale, wanda ba komai ba ne illa man da aka saya da kuɗi yana fita bai ƙone ba, ga zafin da ke cin nozul da fistin.

Bugu da ƙari, shi kansa man ya canza. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan ƙazamin dizal da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, kuma a 2017 Gana ta rage yawan sinadarin farar wuta da aka yarda da shi a dizal ɗin da ake shigowa da shi, daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50. Wannan alheri ne ga huhun jama'a, sai dai hanyar da ake bi a cire sinadarin tana rage wa man santsi idan ba a ƙara masa magani ba, kuma tsofaffin robobin injekta kan fara yoyo idan aka sauya musu irin man da suka saba. Sababbin motoci kuwa, masu tsarin da kwamfuta ke sarrafa nozul, wanda ya fara yaɗuwa daga 1997, suna matsa mai da ƙarfin da ya kai ninki 200 na iskar tayar tirela. Sun fi tsimin mai, sun fi tsabta, amma ba su da haƙurin tsofaffi: ruwa kaɗan ya isa ya kashe nozul ɗinsu, kuma gyaransu sai da na'ura, galibi ma sai dai a sayi sabo.

Man kwalba da man jarka

Kowa ya san yadda ake sayar da mai a kasuwannin kan iyaka, a kwalba da galan da rawayar jarkar nan da mutanen Gana ke kira galan ɗin Kufuor. Ko bayan da Nijeriya ta janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ya rage ribar fitar da shi zuwa maƙwabta, wannan sana'a ba ta mutu ba, domin akwai garuruwan da gidan mai ya yi musu nisa. Masu yin ta 'yan'uwanmu ne, kuma yawancinsu ba su da niyyar cutar kowa. Amma jarkar da aka ɗebi ruwa ko manja da ita jiya, da mazurarin da ya kwana a ƙasa cikin ƙurar hunturu, da durom ɗin da aka bari a buɗe da damina, duk suna zuba wa tanki abin da famfo ba ya iya haɗiyewa.

A nan ne hikimar ɗan kofin gilashin Land Rover ta bayyana gare mu. Waɗanda suka ƙera motocin soja sun san cewa a jeji za a sha mai daga jarka da durom, don haka suka sa kofin a inda direba zai gani da idonsa: ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa tare da laka, a kwance kofin a zubar a mayar. Haka kuma suka sa wa famfon ɗan mariƙi a waje domin a jawo mai da hannu idan tanki ya ƙafe. An yi abin ne domin a buɗe shi a gyara a bakin hanya da sufana da sukudireba.

Daga abin da masu gyara suka bayyana mana, rigakafin ba shi da tsada. Duk man da aka saya a jarka, a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya natsu, in da ruwa za a gan shi a ƙasa. A tace shi da mazurari mai raga ko tsabtataccen ƙyalle. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan filta kowace safiya kafin a kama hanya. A tafi da filta sabuwa a mota, kuma in ta toshe a canza ta, kada a cire a haɗa tiyo kai tsaye don sauri. Ga 'yan kasuwa kuwa, akwai namu laifin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Wanda ya matse kuɗin mota har direba ya rasa na mai mai kyau, shi ya tura shi wurin mai gauraye. Wanda ya dage sai an ƙara buhu 50 a kan lodin da ya riga ya cika, shi ya sa aka karya hatimin injekta. Araha ba ta ado, kuma in mota ta kwana uku a daji, ba albasar direba ce ke ruɓewa ba.

Abin da wasu ke adanawa, mu muna aunawa a kilo

A Ingila da Faransa da Amurka akwai mutanen da ke tara tsofaffin motocin soja a gidajensu kamar yadda Baba ya yi, suna da ƙungiyoyi da kasuwannin kayan gyara. Duk ranar 6 ga Yuni sukan yi jerin gwano da su a yankin Normandi na Faransa don tunawa da saukar sojojin ƙawance a 1944, kuma a 2024 an yi bikin cika shekara 80. Su ma famfon mai na ba su wahala, musamman tun da Ingila ta mayar da fetur mai gaurayen sinadarin etanol kashi 10 cikin 100 ya zama na yau da kullum a watan Satumban 2021, domin yana cin tsohuwar roba, dole suka koma neman fatar da aka yi da sabon haɗi. Jif irin wadda kajin Baba ke kwana a ciki, idan aka gyara ta, a can kuɗi ne masu yawa.

A nan kuwa, duk wanda ya bi ta Akwatia Line ko Dagomba Line zai ga inda irin waɗannan motoci ke ƙarewa. Masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda a Nijeriya ake kira 'yan gwangwan, sukan farfasa su da guduma, a auna, a loda zuwa masana'antun Tema a narka a yi rodi. Sana'a ce ta halal da ke ciyar da gidaje da yawa a Zongo. Abin takaicin shi ne ba a tantancewa: famfon da masu nema ke cigiya ruwa a jallo, nauyinsa kawai ake biya. Mafi muni kuma, ilimin ma haka yake tafiya. Mastan da ya yi mana aiki ya ce a da yaro kan shekara biyar ko fiye a hannun maigidansa kafin a yaye shi, yanzu kuwa da yawa ba sa jure shekara biyu, sai su tafi tuƙa keke mai ƙafa uku da ke kawo kuɗi a yini. Wanda ya saba buɗe famfo ya gane dalilin da ya sa mai ke tafiya, shi ne zai iya gano ciwon mota a inda babu na'ura. Wanda kuwa bai iya komai ba sai cire tsoho a sa sabo, ranar da babu sabon a kusa, shi da mai kaya duk zaune za su yi.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin Magazin da masu kula da gidan tarihin soja da sarakunan Zongo, su duba yadda za a haɗa tsofaffin mastoci da samari, ko da mota ɗaya ce daga cikin na tarihi a ta da ita a gaban yara 'yan makaranta. Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu su ma suna iya ɗaukar nauyin koyon wasu yara wannan fanni, domin amfanin kansu ne.

Ranar Asabar da hantsi aka mayar da famfon a kan Land Rover, bayan an wanke tanki an canza baƙin mai an aro batir. Baba da kansa ya sunkuya ya riƙa motsa ɗan mariƙin, muna kallon kofin gilashi yana cika da fetur sannu a hankali. A murɗawa ta uku injin ya yi tari ya kama, kaji suka watse, yaran layi suka cika ƙofar gida. Ya zauna a bayan sitiyari ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kira babban ɗansa ya ce ya hau su zaga Asawase. Maganar sayar da filin dai ba a rufe ta ba, injektar Bedford kuma tana can Magazin tana jiran kuɗin gyara. Amma wani jikan Baba ɗan shekara 15, wanda ya bi mu Suame ya tsaya a kan mastan tun safe har yamma, ya roƙi a ba shi tsohuwar fatar da matattun bawul ɗin, kuma mun bar shi a bakin rumfa yana jera su a kan kwali yadda ya ga an yi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai kowa gida lafiya.